DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI
Jawabi ga Jama'a a kan Komowar Ma'aikata Masu Ritaya Bakin Aiki



Maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana wa jama'a wani al'amari wanda ya fara yawaita a ƙasar nan, watau kiran ma'aikacin da ya yi ritaya ya komo bakin aiki na wani ƙayyadadden lokaci. Mutane da yawa suna jin labarin abin, amma kaɗan ne suka san ƙa'idarsa. Waɗansu tsofaffin ma'aikata sun ɗauka wata ƙofa ce aka buɗe musu ta komawa kan kujerun da suka bari. Waɗansu samari kuwa, waɗanda suka gama makaranta suna zaune da takardunsu ba aikin yi, gani suke yi wata dabara ce ta tare musu gaba. Kowane ɓangare yana da abin dubawa a maganarsa, kowanne kuma yana da gyara. Saboda haka ya kamata a zauna a warware zare da abawa.

GARIN TUNGAN MAJE

Domin magana ta fito fili, a ɗauki misalin gari guda. Tungan Maje gari ne a Ƙaramar Hukumar Gwagwalada cikin Yankin Babban Birnin Tarayya, kusa da Zuba, a bakin babbar hanyar da ta nufi Gwagwalada da Lakwaja. A shekarar 1976 aka ƙirƙiro wannan yanki, ran 12 ga Disamba 1991 kuma gwamnati ta taso daga Ikko ta tare a Abuja. Tun daga lokacin ma'aikata suka yi ta kwararowa daga kowace kusurwa ta ƙasa. Da yake kuɗin hayar gida a tsakiyar birni ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, da yawa sun nemi muhalli a garuruwan kewaye, irin su Kubwa da Zuba da Gwagwalada da Tungan Maje. A nan suka yi gidaje, suka haifi 'ya'ya, suka ga jikoki.

To, ƙa'idar aikin gwamnati ita ce ma'aikaci ya yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Ke nan saurayin da ya kama aiki a shekarar da aka tare a Abuja, a 2026 ne shekarunsa 35 na aiki suke cika. Waɗanda suka riga shi kuwa tuni sun ajiye. A garuruwa irin Tungan Maje yau ba wuya a sami malamin lissafi, ko ungozomar asibiti, ko akanta, ko mai aikin awon jini, yana zaune a gida da ƙoshin lafiyarsa da cikakken hankalinsa, alhali a unguwar da yake akwai ajin da ba malami, ko ɗakin haihuwar da ba isassun ma'aikata. Ga gwani a ƙofar gida, ga bukata a ƙetaren hanya. Tambayar ita ce, ta wace hanya za a haɗa su ba tare da an cuci kowa ba?

KALMAR SINAWA

A Hausa babu kalma ɗaya tak da ta ɗauke wannan ma'ana, sai an yi ta da jimla. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin a sana'o'in gargajiya babu ranar ritaya. Sarkin maƙera ba ya barin maƙera don ya cika shekara 60. Idan ƙarfin ɗaga masaba ya ƙare, sai ya koma gefe yana duba aikin yaransa yana gyara musu. Haka magini, haka majemi, haka ungozomar gida. Aikin albashi ne ya zo da ranar ajiyewa, shi ne kuma ya zo da bukatar a sake kira.

Mutanen ƙasar Sin suna da kalmar da suka keɓe wa wannan abu, suna ce da shi "fanpin". Kalmar gaɓa biyu ce. Ta farko, "fan", ma'anarta komowa. Ta biyu, "pin", ma'anarta gayyatar mutum da girmamawa ya zo ya riƙe wani aiki. Wani abin lura shi ne, da wannan gaɓa ta biyu ce Sinawa suke gina sunan kayan da gidan ango yake aika wa gidan amarya wajen neman aure. Watau kalmar tana ɗauke da ma'anar nema cikin ladabi, da ƙulla alkawari a gaban shaidu. Wanda aka yi wa "fanpin" ma'aikata ce ta aika masa don tana bukatarsa, aka shata masa lokaci da lada, yana kuma ci gaba da karɓar fenshonsa.

Dalilin da ya sa kalmar ta zama ruwan dare a can shi ne, tun daga shekarun 1950 Sinawa suna yin ritaya da wuri. Kafin 2025 namiji yana ajiye aiki a shekara 60, mace ma'aikaciyar ofis a 55, mace mai aikin ƙarfi a masana'anta kuwa a 50. Likita mace tana iya barin asibiti a daidai lokacin da gwanintarta ta nuna. Don haka asibitoci da jami'o'i da masana'antu suka saba da sake kiran gwanayensu. Ga kuma yawan tsofaffi yana ta ƙaruwa, har a ƙarshen 2024 masu shekara 60 zuwa sama sun haura miliyan 300. A watan Satumba 2024 majalisar ƙasar ta zartar da ƙarin shekarun ritaya sannu a hankali cikin shekara 15, daga ran 1 ga Janairu 2025: maza zuwa 63, mata zuwa 58 ko 55 gwargwadon irin aikinsu.

Gwamnatin Sin ba ta bar abin a hannun ma'aikatu kaɗai ba. A 2018 ta fito da wani shiri da ta sa wa suna da furfura, watau shirin malamai masu shekarun azurfa. Aka nemi malaman makaranta 10,000 masu ritaya cikin shekara uku, su tafi makarantun ƙauyuka su koyar, su kuma horar da ƙananan malaman da suka tarar. Aka yanka wa kowane alawus na yuwan 20,000 a shekara. A 2023 aka faɗaɗa shirin da niyyar kai adadin zuwa kimanin 120,000.

Amma fa a can ma abin bai rasa tangarɗa ba. Shekaru da dama kotunan Sin ba sa ɗaukar mai fensho da ya komo aiki a matsayin cikakken ma'aikaci a ƙarƙashin dokar ƙwadago, sai dai a matsayin mai yin hidima bisa yarjejeniya. Idan ya ji rauni a wurin aiki, ko aka sallame shi ba zato, abin da aka rubuta a takardarsa shi ne madogararsa. Wanda ya komo da alkawarin baka kawai yakan sha wuya. Shi ya sa ƙudurin 2024 ya tanadi cewa duk mai ɗaukar wanda ya wuce shekarun ritaya tilas ya kiyaye masa hakkin lada da hutu da lafiyar wurin aiki da diyyar rauni.

ABIN DA AKA GWADA A NIJERIYA

Nijeriya ƙasa ce ta matasa, ba irin Sin ba, saboda haka dalilinta na kiran masu ritaya dabam ne. Matsalar a nan ita ce ƙarancin gwanaye a waɗansu fannoni, musamman kiwon lafiya da koyarwa, da kuma taruwar waɗanda ake da su a manyan birane.

Wani babban gwaji da aka yi shi ne Shirin Aikin Ungozoma, wanda Hukumar Raya Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa ta fara a ƙarshen 2009. An biya kuɗin shirin daga rarar da ƙasa ta samu bayan ƙasashe masu bin bashi na Ƙungiyar Faris sun yafe mata dala miliyan dubu 18 a 2005. Manufar shirin ita ce a rage mutuwar mata wajen haihuwa da mutuwar jarirai a karkara. Aka ɗebo ungozomomin asibiti iri uku: sababbin da suka gama karatu, da waɗanda suke zaune ba aiki, da waɗanda suka yi ritaya amma suna da sauran ƙarfi. A zagayen farko an tura ungozomomi 2,488 zuwa ƙananan asibitoci 652, kowane asibiti huɗu an jingina su da babban asibiti guda inda za a riƙa aika haihuwar da ta gagara. Kimanin ɗaya bisa goma na ungozomomin nan masu ritaya ne.

An raba nauyin shirin gida uku. Gwamnatin Tarayya za ta biya kowace ungozoma Naira 30,000 a wata, jiha ta ƙara Naira 20,000, ƙaramar hukuma kuma ta ba da Naira 10,000 tare da wurin kwana. A shekarar farko an ga amfani, mata masu zuwa awon ciki suka ƙaru a wuraren da shirin ya kai. Daga baya binciken da aka yi ya nuna ci gaban ya ja baya. Daga cikin dalilan da aka gano akwai rashin biyan alawus a kan kari daga waɗansu jihohi da ƙananan hukumomi, da rashin muhalli mai kyau, da ƙarancin ruwa da wuta da magani. Ungozomomi da dama suka tattara nasu-ya-nasu suka koma gida. Dattijuwar da ta baro jikokinta ta tafi ƙauyen da ba ta san kowa ba, in aka yi wata uku ba a biya ta ba, babu mai ganin laifinta don ta tafi. Alkawari kaya ne, wanda ya ɗauka kuwa tilas ya sauke.

A 'yan shekarun nan bukatar ta ƙara tsananta saboda fitar ma'aikatan lafiya zuwa Ingila da Amurka da Kanada da Saudiyya. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana a 2024 cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekarun da suka gabata. A watan Oktoba 2023 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, bisa amincewar Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya, ta sanar da shugabannin asibitocinta cewa za a iya ɗaukar likitoci da nas-nas da sauran masu duba marasa lafiya waɗanda suka yi ritaya a kan kwantiragi, a matakin albashin da suka ajiye aiki, idan ana bukatarsu kuma sun cancanta. Wannan sassauci ne, domin abin da aka saba a ƙa'idojin aikin gwamnati shi ne a ɗauki mai ritaya a matakin da ke ƙasa da wanda ya bari.

BAMBANCI TSAKANIN ABU BIYU

A nan ya kamata a rarrabe abu biyu waɗanda jama'a sukan cakuɗa. Na ɗaya shi ne ƙarin shekarun aiki. A 2012 doka ta kai shekarun ritayar farfesoshin jami'a zuwa 70. A watan Afrilu 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kai na malaman makaranta zuwa shekara 65 da haihuwa ko shekara 40 na aiki. A 2023 aka daidaita na alƙalan manyan kotuna a shekara 70. A watan Fabrairu 2025 kuma Ƙungiyar Likitoci ta Nijeriya ta sanar cewa Shugaba Bola Tinubu ya amince a ƙara na ma'aikatan lafiya daga 60 zuwa 65. Wanda irin wannan ƙari ya shafa bai yi ritaya ba tukuna. Yana nan a kan kujerarsa, ana yi masa ƙarin girma, ana tara masa fensho.

Na biyu shi ne komowa bayan ritaya, watau abin da Sinawa suke kira "fanpin". Wannan mutum ya riga ya ajiye aiki, an rufe fayil ɗinsa, fenshonsa ya fara fita. Aikin da aka kira shi na wucin gadi ne, yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, ba ya kuma jawo wani sabon fensho daga gwamnati. Ba hakki ne da kowane mai ritaya zai tsaya ya ce sai an ba shi ba. Ma'aikata ce take nema idan ta duba ta rasa wanda zai cike gurbin.

ABIN DA YA WAJABA A KAN MASU ƊAUKA

Ko hukuma ce, ko makarantar kuɗi, ko asibitin mai zaman kansa, akwai abubuwa huɗu da ya kamata mai ɗauka ya kiyaye.

Na farko, a tabbata bukatar ta gaskiya ce. Idan akwai matashi mai takardar aikin da gwaninta yana jira, shi ya fi cancanta. Kiran mai ritaya magani ne na inda aka rasa.

Na biyu, a rubuta kome da kome: tsawon lokaci, da lada, da awoyin aiki, da hutu, da wanda zai ɗauki nauyin magani idan aka sami rauni ko ciwo a bakin aiki, da yawan kwanakin gargaɗi kafin rabuwa. Kowane ɓangare ya sa hannu, ya riƙe kofi.

Na uku, a ba dattijo aikin da ya dace da shekarunsa. Ungozoma mai shekara 62 ba a jera mata kwanan dare bakwai a asibiti. Amfaninta yana wurin awon ciki, da gane haihuwar da za ta ba da wahala tun kafin ta ɓaci, da tsayawa a bayan ƙaramar ma'aikaciya ranar da ta fara karɓar haihuwa.

Na huɗu, wanda ya fi duka muhimmanci, a haɗa shi da magaji. Duk mai ritayar da aka kira, a sa masa matashi ɗaya ko biyu a hannu, a rubuta a yarjejeniya cewa horar da su yana cikin aikinsa. Idan shekara biyu ta wuce ma'aikata tana nan tana cewa in ba shi ba ba wanda zai iya, to, an yi asarar shekara biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

ABIN DA YA WAJABA A KAN MAI KOMOWA

Wanda aka kira ya fara duba lafiyarsa a asibiti, kada kunya ko son kuɗi su sa ya ɓoye ciwon da yake da shi. Ya tabbata lasisinsa na aiki yana da rai, domin likita ko nas ko ungozoma ba su da izinin taɓa mara lafiya sai da rajistar da aka sabunta a hukumar sana'arsu. Ya kuma shirya wa abin da ya fi wa manya da yawa wuya, watau zama a ƙarƙashin wanda shi ya koya wa aiki. Tsohon hedimasta da ya komo koyar da aji shida, hedimastan da ke kai shi ne shugabansa, ko da kuwa ɗalibinsa ne a da. Idan ya ga gyara, ya ja shi gefe ya faɗa masa a asirce. Ya kuma yarda cewa aiki ya canja bayansa: rajistar da ya sani a littafi yanzu a kwamfuta take, yaron da yake koya wa aiki shi zai nuna masa inda ake dannawa. Wannan ba ƙasƙanci ba ne ga kowa.

Har ila yau ana gargaɗin masu ritaya su yi hankali da 'yan damfara masu yawo da fom suna cewa za su samo musu kwantiragi idan an ba su wani abu. Aikin gwamnati ba a sayensa. Duk wanda ya nemi kuɗi ko lambar asusun fensho da sunan zai komar da mutum aiki, a kai rahotonsa ga hukuma.

GA MATASA DA JAMA'AR GARI

Kukan matasa yana da tushe. Inda aka mai da kwantiragi hanyar riƙe 'yan gaban goshi a ofis shekara da shekaru, lalle an tare gaban na baya, ya kuma kamata a yi magana. Amma inda aka bi ƙa'ida, saurayi ne ya fi kowa riba. Takardar makaranta tana shigar da mutum ɗakin aiki, sanin aikin kuwa a hannun waɗanda suka daɗe ake ɗaukarsa. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Shekara guda a gefen gwani ta fi shekara biyar ta lalube, musamman a aikin da kuskure ɗaya yake iya cin rai.

Su kuma jama'ar gari ba sai sun jira takarda daga Abuja ba. A gari kamar Tungan Maje, dagaci da masu unguwanni da kwamitin lafiya na gunduma da ƙungiyar iyaye da malamai suna iya zama su lissafa masu ritayar da ke cikinsu, da fannin kowanne. Daga nan sai a je gidan mutum a gaishe shi, a roƙe shi yini biyu a mako a makaranta ko a asibitin gari, da sanin hukumar da ke kula da wurin. A faɗa masa gaskiyar abin da za a iya ba shi, ko da kuɗin mota ne kawai, a kuma cika. Dattawa da yawa ba za su ƙi ba, muddin an nemi su da mutunci.

Ƙasa ta kashe dukiya mai yawa wajen horar da waɗannan mutane, su kuma sun ba ta ƙuruciyarsu. Hutu hakkinsu ne, wanda ya zaɓi ya huta ba a ganin laifinsa. Wanda kuwa aka kira ya amsa, a rubuta masa yarjejeniya, a biya shi a kan kari, a ba shi magaji, idan lokacinsa ya cika kuma a sallame shi da godiya.

Ana roƙon duk wanda wannan ɗan littafi ya shiga hannunsa ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Allah ya ƙara wa dattawan ƙasa lafiya, ya ba matasanta abin yi.